Shekara Huɗun da Ba Nasa Ba

Safiyatu na juya gyaɗa cikin yashi a kan wuta sai ga Shu'aibu ya turo ƙofa, ko sallamar kirki bai yi ba. Hantsi ne, lokacin da ya kamata a ce yana aji. Ya jefar da jakar ƙwallonsa kusa da tulu, ya zauna a kan bulo, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kai, lafiya? Koro ka aka yi?"

Ya girgiza kai.

"To buɗe baki, gyaɗata za ta ƙone."

Da Larabci ya amsa. Haka suke tun yana ƙarami, ta yi masa Hausa, ya mayar mata da Larabci, kowa ya gane ɗan'uwansa. Ya ce wani mutum ya zo daga Jidda, daga babban nadi, irin ƙungiyoyin da ake jin wasansu a rediyo. Kwana uku yana zaune a bakin filinsu yana kallo. Yau da safe ya aika makaranta aka kira shi. Yaro ɗaya yake nema, wanda bai cika sha tara ba.

"Ya tambaye ni shekaruna, na ce sha takwas. Ummi, sai da ya dafa kafaɗata. Ya ce za su ba ni ɗaki, su sa ni makaranta a can. Sai ya ce in nuna masa hafiza, katin shaidata na ɗan ƙasa."

Safiyatu ta daina juya gyaɗar.

"Ya duba shekarar haihuwa, ya ga 1380. Ya yi dariya. Ya ce ɗan ashirin da biyu mai irin wannan jikin ya gama girma, ba abin da za su yi da shi. Na rantse masa. Ya ce ɗayyib, ya ji, in kawo takarda mai hatimi. Bayan La'asar motarsa za ta tashi, ko da ni ko da wani."

Ta sauke kaskon daga wuta, ta watsa wa garwashin ruwa.

"Ka ci abinci?"

"Ummi!"

"Akwai ful a kwano, waken safe. Ka ci, ka koma filin, ka yi wasanka kamar ba komai. Ni zan je."

Abin da ya faru ba wani ɓoyayye ba ne a lungunsu na Harra ta Gabas a Madina, tsofaffi duk sun sani. Ɗanta na fari a asibiti aka haife shi, shekarar 1380 ta Hijira. Mijinta Mahmudu magini, wanda a Madina aka haife shi kuma yana da takardar ɗan ƙasa, ya je ya yi wa jaririn rajista, aka ba shi shahadar haihuwa da sunan Awwalu. Bayan shekara huɗu Mahmudu ya faɗo daga kan gini, tana da ciki wata shida. Tana cikin takaba ƙyanda ta shigo lungun ta ɗauki Awwalu. Ba a yi wata ɗaya ba ta haifi Shu'aibu, a ɗaki, a kan tabarma. Ba namiji a gidan da zai je ofis ya ce wannan ya mutu, wannan an haife shi. Ita kuma ba karatu ta yi ba, ko hanyar ofishin ba ta sani ba. Da yaro ya kai shida aka ce ba a shiga makaranta sai da takarda, ungozoma Dumbulwa ta ce mata, ga takarda kwance a akwati ba yaro, ga yaro yana yawo ba takarda, uba ɗaya uwa ɗaya, me kike jira? Ta ɗauka ta kai. Shugaban makaranta ya yi mata faɗa, wai don me ta bar yaro har ya kai goma bai fara karatu ba. Ta ba shi haƙuri.

Daga nan ya zama Awwalu a waje, Shu'aibu a gida.

Ƙwallo kuwa tun a lungu ya fara, da tsumma a ɗaure cikin safa, a tsakanin baƙaƙen duwatsun Harra masu yanka ƙafa. A mutawassiɗa, ƙaramar sakandare, malamin wasanni ya sa shi a gefen hagu. A sanawiyya, babbar sakandare, suka ci kofin makarantun gari, shi ya jefa biyu ranar ƙarshe. Nadin unguwa ya ɗauke shi. Sa'o'insa suka shiga ajin yara, shi takarda ta ce ya wuce nan. Shekara ɗaya ya yi da samari, yana da sha biyar aka tura shi cikin manya, a daraja ta biyu, magidanta masu gashin baki da 'ya'ya. Su tafi Yanbu a bas, su tafi Tabuk, ya dawo da haƙarƙari a kumbure, ta gasa masa da ruwan zafi da gishiri, yana cije haƙora. Bana ƙwallo goma sha ɗaya ya ci. Ita ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Jini da jar ƙasa dai take wankewa daga safarsa.

Ta buɗe akwatin ƙarfe, ta ɗaga zannuwa, ta ɗauko shahadar a naɗe cikin ƙyalle. Ta soke ta a ƙirji, ta yafa abaya, ta fita.

Gidan Dumbulwa ta fara zuwa. Ta samu tsohuwar a zaure tana ware dabino da lalube, don idon ya kusa tafiya gaba ɗaya.

"Wa nake jin takunsa kamar mai bin ɓarawo? Safiya?"

"Ni ce, Iya. Ina kwana?"

"Ina kwana da rana tsaka? Zauna. Ina ɗan nawa, mai ƙafar fara? Wallahi da ƙafa ya fito ranar, na ce wannan ko dai ɗan aike ko ɗan gudun tsiya."

Safiyatu ba ta yi dariya ba. Ta tsuguna ta faɗa mata komai, a gajarce.

"Iya, ke kika yanke masa cibi. Ki zo mu je wajen umda, mai unguwa, ki faɗa da bakinki."

Dumbulwa ta ci gaba da lalube cikin dabinon.

"Na tuna ranar kamar jiya. Ana kiran Azahar ya faɗo. Ke ko kuka ba ki yi ba, hawayen sun ƙare a kan wancan."

"To tashi."

"Ba inda za ni."

"Iya, ke fa kika ce in yi."

"Ni na ce. Da ban ce ba da yanzu yana dako a kasuwar dabino, ba karatu ba ƙwallo. Safiya, dube ni. Da ƙafa na zo daga Damagaram. Shekara arba'in ina garin Manzo ba wanda ya tambaye ni takarda, don ban taɓa kai kaina inda ake tambaya ba. In na zauna gaban umda, abin da zai fara cewa shi ne, ke wace ce, ina iƙamarki ta zaman ƙasa? Saura ƙiris in shiga makabartar Baƙi'a. So kike a sa ni a jirgi a kai ni in mutu inda ko mai yi mini wanka ban sani ba?"

Safiyatu ta miƙe za ta tafi. Tsohuwar ta miƙo hannu, ta lalubo nata, ta zuba mata dabino uku.

"Ko na je ma, maganar mace ɗaya makauniya me za ta yi? Nemi Maiwada. Shi ya yanka ragon suna, shi ya kai wancan makabarta."

Ta tari motar haya a bakin titi zuwa Bi'ir Ali, inda Maiwada ke da rumfa, ta zauna a baya tare da wata Baturkiya da jakunkunanta. Rana ta take. A Bi'ir Ali bas-bas sun jeru, masu Umra na fitowa daga wanka da fararen harami, wasu na gyara ɗamara, wasu sun fara Labbaika tun kafin mota ta tashi. A da in ta ji wannan sai ta tsaya ta yi addu'a. Yau ratsawa ta yi tana neman rumfa.

Malam Maiwada abokin Mahmudu ne tun suna yara. Yanzu harami yake sayarwa, da takalman roba da ɗamara. Yana ganinta ya miƙe.

"Matar ɗan'uwa, ke da kanki? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu yau, Malam. Wanda ya mutu tun tuni ne ya tashi."

Ya saurare ta har ta gama, yana murza gemu. Wani Ba'indiye ya zo yana taya takalmi, ya ɗaga masa hannu alamar ya je gaba.

"Kin tuna lokacin da yaron nan zai karɓi hafizarsa aka ce sai da shaidu?"

"Na tuna."

"Ni na sa hannu. Na ce wannan Awwalu ne ɗan Mahmudu. Ni da na ɗauki Awwalu a cikin zane, a nan," ya nuna hammatarsa, "bayan Asuba, ko nauyin tulu bai kai ba. In na je yau na ce wancan ƙarya na yi, kin san sunan abin a wajen hukuma."

"Na sani. Ban zo in tilasta ka ba."

Ya daɗe yana kallon bas ɗin da ke juyawa. Sannan ya fara sauke haramin da ya rataye, yana ninkewa.

"Abin nan kullum na zo sujada sai ya faɗo mini. Mu je. In ɗauri ne, a ɗaure ni a nan ya fi a can lahira."

Suka yi Azahar a masallacin miƙati, shi a gaba, ita a wajen mata. Ta daɗe a sujada amma abu ɗaya take maimaitawa, ya Rabbi yaron nan bai yi laifin komai ba.

Ofishin umda ɗaki ne ɗaya a bakin titin unguwa, da fanka a sama da tebur da benci. Mutum biyar ne a gabansu. Wani na son shaidar wurin zama, wani rigimar katanga. Safiyatu ta zauna a ƙarshen benci tana kallon inuwar ƙofa tana matsawa. Da layi ya zo kansu, umdan, wani dattijo mai farin gemu da tabarau, ya gane Maiwada ya sa aka kawo shayi. Ita ta yi magana, da Larabcinta na kasuwa. Ta shimfiɗa shahadar a kan tebur. Ta ce mai wannan takardar ya rasu shekara sha takwas ke nan, wanda ke riƙe da sunan ƙanensa ne.

Umda ya cire murfin alƙalami.

"Sunan mamacin?"

Ta nuna takardar da yatsa.

"Na ga takarda, ya Hajja. Ke nake tambaya."

"Ɗan fari ne," ta ce.

"Na ji. Sunansa?"

Maiwada ya buɗe baki, umda ya ɗaga masa hannu. Umda bai san cewa a wajen su Safiyatu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari ba. Yana raye ba ta taɓa faɗa ba, "yaron nan" take cewa. Ya mutu ba ta faɗa ba. Ranar makaranta ma takarda ta miƙa ta ja bakinta. Ta dubi fanka, ta dubi ƙasa.

"Awwalu," ta ce. Muryar ta fito kamar ba tata ba.

Umda ya dube ta ta saman tabarau. Ya dubi Maiwada. Sannan ya mayar da murfin alƙalamin, ya tashi da kansa ya tura ƙofa.

"Ku saurare ni, ni ba maƙiyinku ba ne. Na san Mahmudu, shi ya gina mini soron sama. In na rubuta wannan, abu na farko da zai fito shi ne takardar mutuwar Awwalu. Ranar da ta fito, ɗanki ba shi da suna. Hafizarsa ta mutu. Shahadar firamare, ta mutawassiɗa, jarrabawar da zai zauna bana, duk na mamaci ne. Katinsa na nadi ma haka. Shi kuma wannan," ya nuna Maiwada, "za a kira shi ya yi bayanin hannun da ya sa."

"Na yarda," in ji Maiwada.

"Kai ka yarda. Sannan a buɗe wa yaron sabon fayil. A je kotu a tabbatar ɗan Mahmudu ne, wanda aka haifa bayan Mahmudu ya mutu, a ɗaki, ba likita. Shaidu biyu maza. Kuna da na biyu?"

Maiwada ya girgiza kai.

"A ce kun samu. Takarda ta tafi Riyad, ta dawo, ta sake tafiya. Na ga irin wannan. Mai sa'a shekara uku, wani huɗu. A tsakani ba makaranta, ba aiki, ba wasa, ko Yanbu ba zai je ba. Ya Hajja, kafin takardar da ke cewa shekarunsa sha takwas ta fito, ya cika ashirin da biyun da gaske."

Fanka na ta juyawa. Safiyatu ta gyara zama.

"To ka bar duk wannan. Ɗan guntun takarda kawai, ka ce yaron nan sha takwas ne, ka buga hatimi. Mutumin Jidda kaɗai zai gani."

"Mutumin Jidda zai kai ta inda ake yi wa 'yan wasa rajista, su ajiye ta kusa da hafiza. Hatimina ba zai ce an haifi mutum ɗaya sau biyu ba."

"Gaskiya ce fa nake roƙon ka rubuta."

"Na sani. Da ƙarya ce da tuni na kore ku." Ya ninke shahadar yadda take, ya tura mata. "In kin ce in rubuta, wallahi yanzu zan rubuta, duka, daga farko. Amma mutumin nan ba zai ga komai yau ba, ko baɗi. In kuma kin ɗauki takardarki, to kun zo gaishe ni ne, mun sha shayi."

Ta dubi takardar. Shayinta na nan ba ta taɓa ba. Ta ɗauka, ta naɗe a ƙyalle, ta mayar ƙirji.

"Mun gode da shayi," ta ce.

A waje Maiwada ya tsaya yana share fuska da gutra, ƙyallen kansa. Ya ce zai raka ta filin. Ta ce a'a, ya koma rumfarsa, ya yi abin da zai iya. Bai yi gardama ba. Ta ga bayansa yana tafiya a sunkuye, ya shigo da kayan da ke ransa ya fita da su.

A wani ƙaramin masallaci ta yi La'asar, daga nan ta taka da ƙafa. Filin nadi na bayan unguwa, an zagaye shi da katangar bulo, da ƙofar ƙarfe. Mata ba sa shiga. Wata farar mota doguwa na tsaye a bakin ƙofar, direba na goge gilashi. Ta zagaya gefe inda bulo ɗaya ya fita, ta sunkuya ta sa ido.

Da farko ƙura kawai ta gani da ƙafafu. Sai ta gane shi, don shi ne mafi ƙanƙanta, rigar ta yi masa yawa. Aka turo masa ƙwallo. Wani ƙato ya taso masa, ita har ta dafe ƙirji, sai yaron ya yi kamar zai bi dama, ƙaton ya tafi dama shi kaɗai. Na biyu ya zo, ya zura masa ita ta tsakanin ƙafafu. Na uku bai nemi ƙwallo ba, ƙafar ya nema. Shu'aibu ya faɗi, ya mirgina, ya tashi da ƙwallon a gabansa kamar an ɗaura masa ita da zare, ya buga. Ragar ta motsa. Bai yi murna ba. Ya juya yana kallon ƙofa.

Ashe haka yake yi. Shekara nawa tana gasa masa jiki, ashe wannan ne.

Ta miƙe, bayanta na ciwo, ta koma bakin ƙofar ta tsaya kusa da motar. Ba a jima ba mutumin ya fito, fari, mai ƙiba, da farar riga da makulli a hannu. Ta tare shi.

"Ni ce uwar yaron can. Na gefen hagu."

"Ahlan, ya Hajja. Kin kawo?"

"Ban kawo ba. Na kawo kaina. Ni na haife shi. Wallahil azim, ga masallacin Manzo can, shekarunsa sha takwas, watan Rajab zai shiga sha tara."

Mutumin ya yi ajiyar zuciya.

"Hajja, daga Jizan har Tabuk ba garin da na je uwa ba ta rantse mini ba."

"Dubi fuskarsa. Ko reza bai fara sawa ba."

"Na duba. Kwana uku ina dubawa. In kin tambaye ni, na yarda da ke. Shekara goma ina wannan yawon, ban ga ƙafar hagu irin tasa ba sau uku. Amma ba ni nake sa yaro a fili ba, takarda ke sa shi."

"To ku ɗauke shi cikin manya. Nan ma cikin manya yake."

"Manyanmu ba irin waɗannan ba ne. Sai mun ciyar da shi shekara uku, mun gina shi. Wa zai sa mini hannu in gina ɗan ashirin da biyu? Za su ce na haukace." Ya buɗe ƙofar mota. "Allah Ya buɗa masa wata hanyar."

Sai ga wani saurayi ya fito daga ƙofar da jaka a kafaɗa, mutane na bubbuga masa baya. Dogo, ƙirji faɗi, haɓarsa ta yi shuɗi-shuɗi saboda aski. Bature ne, ɗan Hussaina ta lungun bayansu. Safiyatu ta san ranar da aka haife shi. Ita ta tuƙa tuwon sunansa, tana amarya, ko cikin fari ba ta samu ba. Shi ubansa bai kai shi ofis ba sai da ya yi wayo, ga shi lokacin ɗan tsurut ne, magatakarda ya dube shi ya rubuta abin da idonsa ya ba shi.

Bature na ganinta ya tsaya cak. Ya zo ya rusuna.

"Ina wuni, Inna Safiya."

"Lafiya lau."

Bai tashi ba. Ya ɗago ido ya dube ta, ya sake sunkuyarwa.

"Kin san shi?" in ji mutumin Jidda.

"Ɗan unguwarmu ne."

"Sha bakwai, kin ga jiki ma sha Allah. Yaron kirki ne? Ba na son mai yawon banza."

Maganar na bakinta, a shirye. Kalma huɗu ce ko biyar. Ta dubi ƙeyar Bature. Ta tuna Hussaina da ke wanki a gidajen Al-Sih har hannunta ya tsattsage, da ƙannensa mata biyar. Kuma ko ta faɗa, motar ba da Shu'aibu za ta tafi ba.

"Yana sallah," ta ce. "Yana jin maganar uwarsa. Tashi, Bature, Allah Ya kiyaye hanya. Ka riƙa aiko mata da saƙo."

"Amin, Inna. Amin."

Ya shiga baya da sauri. Motar ta juya, ta tayar da ƙura, ta hau kwalta.

Mutane suka watse. Shu'aibu ne ƙarshen fitowa, ya sauya kaya, gwiwarsa ɗaya na tsatsar jini ta cikin wando. Ya ga motar ba ta nan, ya ga uwarsa. Bai tambaya ba. Ita ce ta faɗa masa, suna tafiya, abin da Dumbulwa ta ce, da abin da umda ya ce, ba ta rage ba ta ƙara ba. Ta ce in yana so a rubuta, ranar Asabar sai su koma tare, sunansa ne, shi ke da iko.

"Shekara huɗu a zaune a gida?"

"Haka ya ce. Ko uku."

"Da Baba Maiwada a hannunsu."

"E."

Suka yi tafiya mai ɗan nisa. Wata tankar ruwa ta wuce su tana ɗiga a kan titi, suka matsa gefe.

"Na gan ka," ta ce. "Ta ramin katanga."

Ya dube ta, ya kawar da kai.

"Mai horar da mu ya ce in zo Juma'a, akwai wasa da 'yan Yanbu. Na ce masa halas, na gama."

"Halas kamar yaya? Ƙwallon?"

"Nan zan tsufa, Ummi. Su karya ni a wannan filin, ba wanda zai sake zuwa daga Jidda don ɗan ashirin da uku." Ya gyara jakar a kafaɗa. "Golanmu yana tuƙa irin waccan tankar. Ya ce mai kamfanin na neman direbobi, in ka samu lasisin babbar mota. Ba a ba yara. Ni a takarda na isa har na wuce."

"Jarrabawarka fa?"

"Zan zauna. Da safe makaranta, da yamma in bi shi in koya."

"Ƙafarka ma ta kai birki?"

Bai yi dariya ba, ita ma ba don dariya ta faɗa ba.

"Sun ce hafiza da shahadar haihuwa, ta asali. Tana wajenki?"

Ta tsaya. Suna daidai bakin lungunsu, yara na ta gudu da ƙwallon tsumma tsakanin duwatsu, daga gidan Hussaina ana jin guɗa. Ta dube shi, siririn wuya, ɗan gashin da ya fara tsirowa a leɓe kamar an shafa toka. Ta so ta ce ya bari sai gobe. To goben me za ta canza? Ta sa hannu a ƙirji ta zaro ƙyallen, ya jiƙe da gumi. Ta warware, ta miƙa masa.

Ya karɓa zai cusa a aljihun wando.

"Kai, ba haka ba," ta ce. "Riƙe ta a hankali. Ta girme ka."